Daga Sikelin Auduga zuwa Mitar Lantarki: Tarihin Awon Wuta a Kudancin Katsina

Ƙasar Musawa da maƙwabtanta na Malumfashi, Kankara, Bakori da Funtua ƙasa ce ta dawa da masara da auduga, kuma tun kafin zuwan Turawa cinikin amfanin gona a kasuwanninta ya dogara ne ga awon da ido yake iya tabbatarwa. Mai awo yakan cika mudu ko tiya a gaban mai saye, a yi musu a kan tozon da aka ɗora ko aka rage, kuma idan gindin kwanon ya lotsa ciki har ya ci wani abu daga hatsin, kowa a wurin yana iya ɗaga shi ya duba. Malamai sun tsananta a kan wannan lamari, domin tauye mudu yana cikin laifuffukan da Alƙur'ani ya keɓe wa sura guda, wato Suratul Muɗaffifin. Tarihin awo a wannan yanki cikin shekaru ɗari da suka wuce tarihi ne na yadda ma'auni ya riƙa kuɓucewa daga idon mai biya yana komawa cikin na'ura, har ya zama a yau gaskiyar awon wutar lantarki ta rataya a kan wani ɗan abu da bai kai farcen yatsa girma ba.

Matakin farko na wannan sauyi ya zo tare da cinikin auduga. Ƙungiyar masu masaƙu ta Ingila da aka kafa a Manchester a 1902, wadda aka fi sani da BCGA, ta kafa injinan gurzar auduga a Arewa, ciki har da na Funtua da Malumfashi, kuma da layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920 sai garin ya zama matattarar audugar yankin. A fuloti, wato filin da aka keɓe don sayen auduga, sikeli ne ke yanke hukunci, alhali manomin da ya ɗauko kayansa a kan jaki sau da yawa ba ya karanta lambobin da allura ta nuna. Tsarin ya ci gaba a ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa da aka kafa a 1954, da hukumar auduga da ta gaje ta har aka rushe ta a 1986. Manomi ya koyi abu guda a fuloti: ya dubi inda allura take tsaye tun kafin a ɗora buhu, domin sikelin da bai tashi daga sifili ba, kuskure zai yi a kowane awo, kuma kuskuren ya fi cutar da mai ƙaramin kaya.

Wutar lantarki ta zo da matsala mafi wuya, saboda ba a ganinta balle a ɗora ta a sikeli. Abubuwa biyu ake aunawa a cikinta: ƙarfin turi, wanda ma'auninsa bolt ne, da yawan kwarara, wato adadin wutar da ke bi ta cikin waya a kowace daƙiƙa, wanda ma'auninsa amfiya ne. Idan aka ninka su aka haɗa da lokaci sai a sami yunit ɗin da ake biya wa kuɗi, wanda yake daidai da wat 1,000 na tsawon awa guda. Auna turi abu ne mai sauƙi, domin taɓa wayoyi biyu kawai ake yi. Auna kwarara kuwa sai an sa ma'aunin a kan hanyar wutar ba tare da ya tare ta ba. Lokacin da Thomas Edison ya buɗe tashar Pearl Street a New York a 1882, mitarsa ta koma ga sikeli ne kai tsaye: wani ɗan kaso na wutar yakan bi ta cikin kwalba mai ruwan sinadari da farantan tutiya, ƙarfen ya riƙa ƙaura daga wannan faranti zuwa wancan gwargwadon wutar da ta wuce, sannan a ƙarshen wata ma'aikata su kwashe farantan su auna nauyinsu. Sauran wutar tana wucewa ne ta wani ƙarfe mai ƙanƙanuwar turjiya da ake kira shant, kuma wannan dabara ta raba hanya ita ce ta wanzu har yau.

Mitar da dattawan Arewa suka sani, mai gilashi da faifan alminiyam da ke juyawa, ta samo asali daga ƙarshen shekarun 1880, lokacin da Oliver Shallenberger a Amurka a 1888 da Ottó Bláthy a Hungari a 1889 suka ƙera mitocin wutar da ke sauya alkibla. A cikinta maganaɗisun da wutar ta haifar shi ke tura faifan, wani maganaɗisu na dindindin kuma yana rage masa gudu, ta yadda saurin juyawar yakan yi daidai da wutar da gida ke sha. Tana da wata falala da ba a cika ambata ba: maigida yana iya kashe fanka ya ga faifan ya rage gudu, ya kunna dutsen guga ya ga ya zabura, wato akwai sauran shaidar ido a cikin awon.

A Nijeriya an fara samar da wuta a Legas a 1896, kamfanin NESCO ya soma aiki da ruwan Kurra a kusa da Jos a 1929 domin ma'adinan kuza, sannan dokar 1950 ta kafa hukumar lantarki ta ECN. Madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, a 1972 kuma aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka sami NEPA. Garuruwan karkara irin Musawa, waɗanda suke cikin Jihar Kaduna kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, sun sami wuta ne a makare ta hanyar shirye-shiryen kai lantarki karkara, kuma a wurare da dama turaku da taransifoma sun riga mita isowa. Daga nan ne al'adar ƙiyasi ta samu gindin zama, inda ake rubuta wa gida ko shago bil bisa hasashen abin da ya sha, wani lokaci ma unguwa guda a haɗa mata kuɗi ta raba a tsakaninta. Ƙiyasi ya raba biya da awo baki ɗaya, kuma illarsa ta shafi kowa: mai tsimi ba ya ganin amfanin tsiminsa, mai ɓarna ba ya jin zafin ɓarnarsa, mai sayar da wuta kuma ya rasa amincewar da za ta sa a biya shi da daɗin rai.

Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta maye gurbin NEPA da PHCN tare da kafa hukumar kula da fannin, NERC, kuma a Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Ƙa'idar samar da mita ta 2018 da shirin raba mita na ƙasa na 2020 duka sun karkata ga mita mai kati, wadda tsarinta na lambobi 20 ya samo asali daga Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990. Wannan mita ba ta da faifai. Abin da ke cikinta shi ne shant, da ayisi, wato dunƙulen da'irar lantarki da aka gina a kan ɗan ɓallin silikon, wanda ke ɗauke da amfilifaya da sashen mayar da sigina lambobi.

A nan ne ainihin wahalar take. Dokar Ohm ta nuna cewa idan wuta ta bi ta cikin abu mai turjiya, za a sami bambancin turi tsakanin bakinsa biyu daidai da yawan kwararar, don haka idan an san turjiyar shant, auna wannan bambanci ya isa a san amfiya nawa ke wucewa. Sai dai dole turjiyar ta kasance ƙarama ƙwarai, in ba haka ba shant ɗin zai cinye wuta ya yi zafi. Shant da aka saba ɗaurawa a kan manyan batura yakan ba da milibolt 75 idan amfiya 100 suna wucewa, milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, kuma ko a haka yana ƙona wat 7.5 a banza. Da za a ninka siginar sau goma don ta yi sauƙin karantawa, da asarar ta kai wat 75, wato fiye da abin da fitilun gida guda na zamani ke sha. Saboda haka ake barin siginar a ƙanƙance, a nemi abin da zai haɓaka ta sau arba'in ko fiye ba tare da ya ƙara mata nasa ba. Ƙarfen shant ma ba tagulla zalla ba ne, domin turjiyar tagulla tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Ana amfani da manganin, gamin tagulla da manganis da nikel da aka samar a ƙarshen ƙarni na 19, wanda zafi bai cika sauya shi ba.

Abin da ke haɓaka siginar shi ne amfilifayar lissafi, wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da op-amp. Tana da ƙofofin shiga biyu da ta fita ɗaya, aikinta kuma shi ne ta ninka bambancin da ke tsakanin ƙofofin shigar sau dubbai. Tushenta yana cikin tunanin Harold Black na ɗakin binciken Bell a 1927, wanda ya gano cewa idan aka mayar da wani kaso na abin da ya fita zuwa ƙofar shiga ta yadda zai rage siginar, yawan ninkin zai dogara ga rezistoci biyu, wato ƴan kayan da ke tsayar da turjiya, maimakon halin amfilifayar da ke sauyawa. A yaƙin duniya na biyu an yi amfani da irinta wajen lissafin saitin bindigogin harbo jiragen sama, John Ragazzini na jami'ar Columbia ya ba ta sunanta a 1947, George Philbrick kuma ya fito da K2-W mai kwalaben balbu biyu a kasuwa a 1953. Bob Widlar na kamfanin Fairchild ya mayar da ita ayisi da µA702 a 1964, David Fullagar ya ƙera 741 a 1968, kamfanin National Semiconductor ya fitar da LM324 a 1972, sannan LM358 mai ƙafafu takwas ta biyo baya a matsayin ƙanwarta.

Waɗannan lambobi ba baƙi ba ne ga masu gyara a Funtua, Malumfashi ko Sabon Garin Kano. Sana'ar ta faro ne daga makanikan rediyo, waɗanda suka yawaita bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 da yaɗuwar rediyo mai batir a karkara, ta wuce ta kaset da talabijin da sitabilaiza, har ta iso ga inbata da kwantirolar sola. Tsofaffin makanikai sun yi aiki da mita mai allura irin ta AVO, ƴan baya kuma sun gaji ƴar mitar hannu mai lambobi da ake samu da araha. Duk wanda ya kwance bayan irin wannan mita zai ga wata gajeriyar waya mai kauri an lanƙwasa ta kusa da ramin amfiya 10, wani lokaci da ɗan tabon dalma ko tsaga a jikinta inda masana'anta ta daidaita turjiyarta; wannan ita ce shant ɗin, mai kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na ohm. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar bodin yana rufe da ayisi daga zuriyar ICL7106 ta kamfanin Intersil ta 1977, wadda kafin kowane awo take fara auna nata kuskuren ta cire shi. Wannan ne ya sa mita mai arha take iya nuna sifili idan ba a haɗa ta da komai ba.

LM358 da 741 ba su da wannan dabara. Kowace amfilifayar lissafi tana da kuskuren sifili, wato ɗan turin da take gani a ƙofofinta ko da babu sigina, saboda tagwayen tiransistocin da ke cikinta ba sa taɓa yin daidai ɗari bisa ɗari. A LM358 wannan kuskure yakan kai milibolt 2, masana'anta kuma ba ta yi alkawarin ƙasa da milibolt 7 ba. Idan aka ɗora wannan a kan shant mai milibolt 75 na amfiya 100, inda kowace amfiya take ba da milibolt 0.75 kacal, kuskuren milibolt 2 daidai yake da kusan amfiya 2.7 da ba su wanzu ba, na milibolt 7 kuma ya haura amfiya 9. A lokacin da inbata ke jan amfiya 80 wannan kuskure abin haƙuri ne, amma da daddare, sa'ad da fitilu biyu da fanka ɗaya ne kawai ke aiki, kuskuren yana iya fin abin da ake aunawa yawa. Halin dai irin na sikelin fuloti ne da allurarsa ta riga ta gota kafin a ɗora kaya. Wani maganin da masana'antu suka kawo shi ne OP07, wadda George Erdi ya ƙera wa kamfanin Precision Monolithics a 1975, ana datse kuskurenta tun a masana'anta har ya sauka zuwa mikrobolt 75 (mikrobolt kashi ɗaya ne cikin dubu na milibolt) ko ƙasa a zaɓaɓɓen rukuninta, abin da a kan wancan shant yake daidai da kashi ɗaya cikin goma na amfiya.

Ana iya cewa mai gyara zai daidaita kuskuren da hannu ta hanyar murza ƙaramar rezista mai juyawa, kuma haka ake yi a shaguna da yawa. Sai dai kuskuren ba ya zama wuri ɗaya, yana zamewa da zafi, kuma a wannan yanki zafi babban al'amari ne. Tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin watan Afrilu akwai tazarar da ta kusa digiri 30, balle a cikin akwatin ƙarfe da ke rataye a shago mai rufin kwano. LM358 tana zamewa da kimanin mikrobolt 7 a kowane digiri, wato sama da mikrobolt 200 a wannan tazara, ko fiye da rubu'in amfiya, alhali OP07 ba ta wuce kusan mikrobolt ɗaya a digiri ba. Mafi inganci su ne amfilifayoyi masu gyara kansu, waɗanda suke gwada sifilinsu sau dubbai a daƙiƙa suna share kuskuren, dabarar da Edwin Goldberg na RCA ya fito da ita tun 1949. Na zamani a cikinsu kuskurensu ƴan mikrobolt ne, zamewarsu kuma ba ta kai a ambata ba.

Duk da haka, mafi ƙarancin kuskure ba shi kaɗai ke yanke zaɓi ba, kuma a nan ne ake gane ƙwararre. OP07 tana buƙatar wuta ta fuska biyu, fozitif da negatif, kuma ƙofofinta ba sa aiki daidai idan siginar ta kusanci ƙasan wutar da ke ciyar da ita, don haka wanda ya cire LM358 daga bodi mai batir ɗaya ya dasa OP07 a gurbinta zai sami awon da ya fi na farko muni. Shaharar LM358 ta samo asali ne daga iyawarta ta karanta sigina har ƙasa da batir guda. Akwai kuma batun inda aka ɗaura shant. Idan yana kan wayar dawowa, siginar tana kusa da sifili kuma da'irar tana da sauƙi, amma idan waya ta taɓa jikin ƙarfe wutar ta bi wata hanya, ma'aunin ba zai gani ba. Idan yana kan waya mai wuta, babu abin da zai wuce ba a gani ba, amma sai amfilifayar ta tsamo ƴan milibolt daga saman bolt 12, 24 ko 48, aikin da ke buƙatar rezistoci masu daidaito matuƙa, shi ya sa aka ƙera ayisi na musamman irin INA219, mai jure bolt 26, da INA226, mai jure bolt 36 wadda kuskuren sifilinta bai wuce mikrobolt 10 ba. Tsarin batir mai bolt 48 ya fi ƙarfin dukansu biyun idan aka ɗaura shant a sama. Rezistocin da ke tsayar da ninki ma suna da nasu hakki, domin rezista mai rangwamen kashi 5 cikin ɗari tana iya ɓata aikin amfilifaya mafi tsada. Haka nan shant na gaske yana da ƙusoshi huɗu, manya biyu na wucewar wuta da ƙanana biyu na awo, tsarin da ake dangantawa da Lord Kelvin. Wanda ya ɗaura wayoyin awo a kan manyan ƙusoshin ya haɗa turjiyar mahaɗar cikin lissafinsa, ita kuwa tana sauyawa da ƙura da tsatsa da sassautawar noti.

Abin da ya mayar da wannan batu na karkara shi ne sola. A garuruwan da wutar gwamnati ba ta tsayawa, shagon cajin waya, mai sayar da ruwan sanyi, ɗakin shan magani mai firjin allurar rigakafi, masallaci da rijiyar burtsatse duk sun koma ga fanel da batir, batir kuma shi ne mafi tsada da saurin mutuwa a cikin kayan. Hanyar da ta fi inganci ta sanin abin da ya rage a batir ita ce a riƙa tara amfiyoyin da suka shiga da waɗanda suka fita awa bayan awa, kuma a irin wannan lissafi ƙaramin kuskure taruwa yake yi. Kuskuren amfiya ɗaya na tsawon awa 24 ya kai kashi 12 cikin ɗari na batir mai amfiya-awa 200 a rana guda. Ma'aunin da ke nuna akwai sauran caji alhali babu yana sa a tatse batir fiye da kima, batirin dalma da ake tatsa ƙasa da rabinsa kullum kuwa ba ya daɗewa. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin mai shago da wanda ya haɗa masa sola da wanda ya sayar da batirin, kowa yana da hujja, alhali babu mai amintaccen awo a hannunsa.

Abubuwa biyu ne suka rage a gaban wannan sana'a. Na farko shi ne jabun kaya, domin a kasuwannin duniya an san da ayisi masu arha da ake goge lambarsu a buga ta masu tsada, kuma ido ba ya rarrabewa. Gwajin kuwa ba shi da wuya, domin idan aka haɗe ƙofofin shiga biyu a da'ira mai ninki 1,000, kowane mikrobolt na kuskure zai bayyana a matsayin milibolt ɗaya a ƙofar fita, abin da mitar hannu take iya karantawa. Na biyu shi ne rashin ma'aunin da ake gwada sauran ma'aunai da shi. Mitocin kamfanin rarraba wuta suna bi ta tashoshin gwaji na hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ɗaya daga cikinsu tana Kaduna, kuma mita mai daraja ta ɗaya ba a yarda kuskurenta ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ma'aunan da ke jikin inbata da kwantirola a shagunan Musawa da Malumfashi ba sa bi ta irin wannan tantancewa bayan an sayar da su. Sassan koyar da lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Bayero da ke Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina suna da ilimin da ake buƙata, kuma abin da teburin gwaji yake nema bai wuce tabbataccen shant guda, mita ɗaya mai inganci da ake kai wa gwaji a kai a kai, da ma'aunin zafi ba. Ƙungiyar masu haɗa sola ta kowace ƙaramar hukuma tana iya mallakar irin wannan teburi, ta yadda mai gyara zai gwada ma'auninsa da sassafe ya sake gwada shi da azahar kafin ya ɗaura shi a kan batirin wani.